Kuɗin Baƙi Za Mu Biya Ko Na 'Yan Ƙasa?

A wannan wata muna so mu ba ku labarin wata 'yar tafiya da muka yi da yaran makarantarmu. Tafiya ce da ba ta fitar da mu daga cikin gari ba, ba ta kuma ci mana wani kuɗin a zo a gani ba, amma har yanzu da muke wannan rubutu ba mu gama tattauna abin da muka gano a cikinta ba. Inda muka je shi ne lambun tunawa da Kwame Nkrumah, wanda ke kusa da bakin teku a tsakiyar wannan birni da kakanninmu suka saba kira Ankara, masu boko kuma suke rubuta Accra. Daga Kasuwar Makola zuwa ƙofar lambun, mai tafiya a ƙasa ba zai wuce rubu'in sa'a ba. Amma da za a tara mutanen Nima da Maamobi da ke sammako kullum zuwa Makola neman abinci, a ce wanda ya taɓa shiga ya ɗaga hannu, muna jin ba za a sha wahalar ƙirga hannuwan ba.

Asalin Tafiyar

Abin da ya jawo tafiyar shi ne wani aikin insha'i da muka ba yaran aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Littafin Turanci ya ce kowane yaro ya bayyana wani wurin shaƙatawa da ya taɓa zuwa, kuma kalmar da littafin ya yi amfani da ita ita ce wadda mu a nan muke furtawa “fak”. Da muka zauna duba takardu 32, sai muka rasa dariya za mu yi ko kuka. Fiye da rabin yaran Rawlings Park suka bayyana, wato filin ajiye motocin nan na gefen Makola: ga motoci jere, ga masu talla, ga 'yan dako suna ihun a ba su hanya. Wasu suka bayyana filin ƙwallo na Kawukudi, da ƙurarsa da 'yan kallonsa. Wata yarinya kuwa layi biyu kawai ta rubuta. Ta ce ita ba ta taɓa zuwa irin wannan wuri ba, kuma tana roƙon Malam kada ya rage mata maki, don ba ta so ta yi ƙarya.

Ba laifin yaran ba ne. Abin da ido bai gani ba, hannu ba zai rubuta ba. Nan take mu uku da ke koyar da ajin muka yanke shawarar mu kai su su gani. Muka rubuta wa iyaye takarda, kowa ya kawo ɗan abin da ya sawwaƙa, muka cika sauran daga aljihunmu, muka sa ranar Asabar.

Daga Nima Zuwa Makola

Da sassafe, bayan an sha koko da ƙosai, muka cika turoturo biyu daga Nima zuwa Tema Station. Da gangan muka ƙi ɗaukar shatar mota har ƙofar lambun, don muna so yaran su taka hanyar da ƙafarsu, su san cewa wurin ba a wata uwa duniya yake ba.

Muka fara tsayawa a Rawlings Park ɗin da suka rubuta, muka gaya musu abin da ke ƙarƙashin tayoyin motocin nan. A nan tsohuwar Kasuwar Makola take, wadda aka gina a 1924. Ran 18 ga watan Agusta, 1979, sojojin da ke mulki a lokacin suka rushe ta, bisa zargin cewa 'yan kasuwa na ɓoye kaya suna tsawwala farashi, abin da ake kira kalabule. Tsohon babban masallacin Juma'a da ke gefen kasuwar shi ma bai tsira daga rusau na zamanin soja ba, har ya zama jama'a sun koma Abossey Okai. Yaran suka yi tsit. Da yawansu iyayensu mata a kewayen nan suke sayar da waake da masa da lamurji, amma ba wanda ya taɓa ba su wannan labari.

Muka nuna musu inda Tudu take, da Cow Lane, da Zongo Lane. Muka ce musu nan ne tsohon Zango, inda Malam Naino ya sami fili wajen 1881 ya zaunar da jama'arsa. Bayan kamar shekara 30 ɗansa Malam Baƙo ya kwashi mutane ya kafa Sabon Zango, da wuri ya yi musu kaɗan. Nima kuwa ƙanwa ce a wurinsu, don sai a farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya sauka can da shanunsa. Ashe ke nan kafin a aza tubalin Makola, ana kiran salla da cinikin goro da Hausa a wannan wuri. Daga nan muka gangara, muka bi ta gefen kotuna, sai ga mu a babban titin da yanzu ke ɗauke da sunan marigayi Shugaba John Evans Atta Mills. Tsohon ginin majalisar dokoki na bayanmu, ƙofar lambu na gabanmu.

Tambayar Bakin Ƙofa

A wurin sayen tikiti an rubuta kuɗin shiga kashi-kashi. Na baƙi 'yan ƙasashen waje daban, na 'yan ƙasa daban, kuma na 'yan ƙasa ya fi sauƙi ƙwarai, balle na yaran makaranta. Muna cikin ƙirga kawuna, sai yarinyar nan mai layi biyu ta matso, ta rage murya don kada sauran su ji, ta ce, “Malam, mu kuɗin baƙi za mu biya ko na 'yan ƙasa?”

Jama'a, wannan tambaya ta fi ƙarfin shekarunta. A Maamobi aka haife ta, a Maamobi aka haifi mahaifiyarta, kakarta kuma a Zongo Lane aka yanke mata cibi. Ko Aflao ba ta taɓa gani ba, balle Kano. Amma a gida tana jin ana cewa su Kanawa ne, a waje kuma wasu kan ce mata 'yar Nijeriya, to ina za ta sa kanta? Ba mu yi mata dogon wa'azi ba. Muka damƙa mata kuɗin ajin duka, muka ce, “Ɗiyata, je ki biya mana na 'yan ƙasa, ki karɓo rasit.” Ta je, ta biya, aka ba ta, ba wanda ya ko ɗaga ido ya yi mata kallon tuhuma. Ta dawo tana riƙe da takardar nan kamar an ba ta satifiket.

Abin Da Ke Cikin Lambun

Filin lambun ya ɗan haura eka 5. A zamanin Turawa nan ne wurin wasan folo, wato ƙwallon dawaki, wasan da daga baya sarakunan Katsina irin su Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo suka shahara da shi. A kan wannan fili ne, da tsakar dare, wayewar 6 ga watan Maris, 1957, Nkrumah ya tsaya gaban dubban jama'a ya bayyana cewa ƙasar Gold Coast ta zama Ghana, ta kuma sami 'yancin kanta. A cikin jawabin nan ne ya nuna cewa 'yancin Ghana ba shi da amfani in ba a haɗa shi da 'yantar da Afirka baki ɗaya ba.

An buɗe lambun ran 1 ga watan Yuli, 1992, zamanin Jerry John Rawlings, kuma wani ɗan ƙasa mai suna Don Arthur ne ya zana shi. Bayan ya sha jiki, aka rufe shi aka yi masa gagarumin gyara na kimanin dala miliyan 3.5, Shugaba Nana Akufo-Addo ya sake buɗe shi ran 4 ga watan Yuli, 2023. Wanda ya san wurin a da, in ya zo yanzu sai ya yi tsammanin ɓatan hanya ya yi. An ƙara babban ginin karɓar baƙi, da ɗakin karatu, da zauren taro, da wurin cin abinci, da kantin sayar da tsaraba, da banɗakuna na zamani. An kuma gyara famfunan da ke feso ruwa sama, yanzu har da kiɗa da fitilu masu launi, waɗanda suka fi kyan gani da almuru.

Da ka shiga, abin da zai fara ɗaukar idonka shi ne doguwar hanya mai tafkuna biyu, dama da hagu, da siffofin mutane a durƙushe cikin ruwan suna busa ƙaho, kamar yadda ake yi wa sarakunan Akan. A ƙarshen hanyar ga mutum-mutumin Nkrumah na tagulla, ya miƙa hannu gaba, ya ɗaga ƙafa kamar mai shirin tafiya. A bayansa kuma ga hubbaren kansa, dogon gini da aka lulluɓe da dutse mai sheƙi daga Italiya, da baƙin tauraro a can ƙololuwa. Mai yi mana jagora ya ce wasu na ganin siffar takobi ce da aka kifa kanta ƙasa, wadda a al'adar Akan alama ce ta zaman lafiya, wasu kuma na ganin kututturen itace ne da aka sare kafin ya gama girma. Muka tambayi yaran wanne suka gani. Wani yaro ya ce shi dai allon makarantar allo ya gani, guda huɗu an jingina su da juna. Jagora ya yi dariya, ya ce wannan fassara bai taɓa jin ta ba.

A cikin ginin kabarin Nkrumah yake, kusa da shi kuma na matarsa Fathia, 'yar ƙasar Masar, wadda ta rasu a Alƙahira a 2007 aka kawo ta nan. Shi kuwa ya rasu ne a Bukares ta ƙasar Romaniya ran 27 ga watan Afrilu, 1972, yana gudun hijira. Aka fara yi masa jana'iza a Gini, wurin amininsa Ahmed Sekou Toure, sa'an nan aka kai shi ƙauyensu Nkroful, sai bayan shekara 20 aka dawo da shi filin da ya yi shelar 'yanci. Akwai kuma gidan tarihi, inda aka ajiye littattafansa da tufafinsa da kayan ofishinsa, da hotunansa tare da shugabannin duniya na zamaninsa. Motarsa ma tana nan an killace ta. Mu malamai abin da ya fi faranta mana rai shi ne tunatar da yaran cewa mutumin nan malamin makaranta ne kafin ya zama komai. A Achimota ya yi horon malanta, ya gama a 1930, ya riƙe alli a Elmina da Axim kafin ya tafi Amurka a 1935.

Riga Da Kai

Abu biyu suka fi tsayar da yaranmu. Na farko hoton daren 'yanci ne. Suka ga Nkrumah da abokansa, irin su Kojo Botsio da Komla Gbedemah da Krobo Edusei, a kan dandamali, ba da kwat ba, ba kuma da zanen kente ba, sai da batakari, rigar saƙi ta mutanen Arewa. Wani yaro ya yi tsalle ya ce, “Malam, irin rigar babana!” Muka ce ƙwarai kuwa. A daren da ya fi kowane dare girma a tarihin ƙasar nan, rigar da ake gani a kowane lungu na Nima ita shugabanni suka zaɓa.

Na biyu shi ne wani mutum-mutumi da ke tsaye a gefe, ba kai. Kan yana nan kusa da shi a kan wani ɗan dakali daban. Wannan shi ne wanda ke gaban tsohuwar majalisa, wanda jama'a suka kayar suka farfasa bayan juyin mulkin 24 ga watan Fabrairu, 1966, lokacin da Nkrumah ke hanyarsa ta zuwa Hanoi. Kan ya ɓace shekaru masu yawa, sai a 2009 aka dawo da shi ga hukuma. Ba a manna shi ba, aka bar shi haka don ya zama darasi. Yaran suka yi ta tambaya: in mutumin kirki ne, don me aka fasa? In kuma ba na kirki ba ne, don me aka gina masa wannan wuri? Muka ce su zauna a inuwa, wannan tambaya ba ta amsuwa a tsaye.

Daɗi Da Ɗaci

Ba mu ɓoye musu komai ba, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muka gaya musu cewa Nkrumah ya gina makarantu da asibitoci, da madatsar ruwa ta Akosombo, da tashar jiragen ruwa ta Tema, kuma 'yan Zango da yawa sun bi jam'iyyarsa ta CPP da zuciya ɗaya. Amma wasu iyayenmu sun ja da shi. A 1954 suka tsaya zaɓe ƙarƙashin jam'iyyar Muslim Association Party, wadda ƙarfinta ke cikin zangunan Ankara da Kumasi. A 1957, shekarar 'yancin kanta, gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Othman Larden Lalemi, manyan Zangon Kumasi, zuwa Nijeriya. Da suka kai ƙara kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu a kai don a fitar da su. A cikin ginin nan da ke tsallaken titi aka yi ta. A wannan shekara kuma aka haramta jam'iyyun da suka dogara kan addini ko ƙabila.

Wanda ya fi wannan ɗaci ya zo ne bayan Nkrumah. Ran 18 ga watan Nuwamba, 1969, gwamnatin Dokta Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama kwana 14 ya bar ƙasa. Dubban mutane suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, suka hau manyan motoci. Cikinsu har da waɗanda a nan aka haife su, ba su san kowa ba a inda aka ce can ne garinsu. Kusan kowane tsohon gida a Zango yana da labarin wani kawu ko wata gwaggo da suka tafi a lokacin ba su dawo ba.

To, ka ga inda tambayar yarinyar nan ta samo tushe. Ba a makaranta ta koye ta ba, gadonta ta yi. Tsoron da kakanni suka ji a 1969 ya zama ɗabi'a, har ya kasance in mun ga ƙofa mai kyau da mai gadi, sai mu ce wannan ba tamu ba ce, ta Turawa ce da 'yan boko, mu wuce ta gefe. Alhali kuwa ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 20 cikin 100 na mutanen Ghana Musulmi ne, kuma kuɗin da aka ranto aka gyara lambun nan, har da harajin mai waake ta Makola za a biya shi. Wanda ya ƙi shiga gidan da aka gina da guminsa, shi ya mai da kansa baƙo.

Inda Ba A Jin Hon

Amma kada mai karatu ya zaci duk yinin tarihi muka yi ta zubawa. Gaskiya ma, abin da ya fi shiga ran yaran ba ya cikin gidan tarihi. Ciyawa ce, da inuwa, da fili. Akwai itatuwa da manyan baƙi suka dasa, kowanne da ɗan allo mai sunan wanda ya dasa shi. Akwai ɗawisu suna yawo abinsu, har ɗaya ya baza wutsiya, 'yan mata suka saki salati. Iskar teku na kaɗawa. Muka zauna inda aka yarda a zauna, sai muka lura wani yaro da ya fi kowa ƙiriniya a aji ya jingina da itace ya yi shiru. Muka ce ko ba shi da lafiya ne. Ya ce, “A'a Malam, ina sauraro ne. Nan ba a jin rigima.”

Wannan yaro su takwas ke kwana ɗaki ɗaya. In ya fito, lungu ne da mutum biyu ba sa iya jerawa. In ya ƙara gaba, babbar kwatar nan ce da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi, wadda nan ne filin wasan da yawa daga cikin yaranmu. Muna yawan kukan cewa yaran Zango ba sa natsuwa, ba sa zama su yi karatu, suna da saurin hannu. Amma a ina muka taɓa ba su wurin da za su koyi natsuwar?

Da Da Yanzu

Mu da muka haura arba'in mun fi su sa'a ta wani fanni. A zamanin ƙuruciyarmu gidan namun daji yana nan Kanda, bayan Flagstaff House, da ƙafa muke zuwa daga Nima ranar yawon Salla. A 2006 aka tashe shi don gina fadar shugaban ƙasa, aka kwashe dabbobin zuwa Kumasi, daga baya aka buɗe wani a cikin gandun dajin Achimota. Shi kansa gandun, wanda aka keɓe tun 1930, ya sha yanka ta kowane gefe, kuma a 2022 an yi babbar hayaniya da gwamnati ta cire wani yanki daga cikinsa. Akwai kuma lambun yara na Efua Sutherland da ke daura da National Theatre, mai kusan eka 15, wanda aka buɗe a 1979, shekarar yara ta duniya, daga baya aka sa masa sunan marubuciyar nan da ta rasu a 1996 bayan ta ƙarar da rayuwarta kan hidimar yara. Jaridu sun sha kawo kukan yadda aka bar kayan wasansa suka lalace. Lambun Aburi da aka buɗe a 1890 yana da kyau ƙwarai, amma yana kan dutse, sai an yi tanadin kuɗin mota.

A 2017 an kafa Asusun Raya Zango, kuma cikin ayyukansa har da filayen ƙwallo masu ciyawar roba a wasu unguwanni. Madalla da wannan, don unguwar da ta haifi Mohammed Kudus, wanda ya ci wa Ghana ƙwallo biyu a wasa da Koriya ta Kudu a gasar cin kofin duniya ta 2022, ba za ta raina filin ƙwallo ba. Sai dai filin ƙwallo na samari 22 ne. Ina 'yan mata? Ina mai goyo da ke son ɗanta ya yi rarrafe a wuri mai tsabta? Ina tsoho da likita ya ce ya riƙa tattaki saboda hawan jini?

Kada a ce talauci ne ya hana. A birnin Alƙahira, garin su Fathia, akwai wata tsohuwar bola da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zuba mata shara, a gefen unguwar talakawa ta Darb al-Ahmar. Gidauniyar Aga Khan ta kwashe ta, ta mai da ita lambun Al-Azhar mai eka sama da 70, aka yi bikin buɗe shi a 2005. Mu ba eka 70 muke nema ba. Ko bola ɗaya aka kwashe a kowace unguwa, aka dasa darbejiya goma, aka sa benci huɗu da famfo, an yi abin kirki. Wannan magana ce da ya kamata sarakunan Zango da limamai da ƙungiyoyin matasa su sa a gaban wakilanmu na majalisar ƙaramar hukuma, musamman lokacin da suka zo neman ƙuri'a. Mu ma da namu laifin, don duk ɗan filin da ya rage a unguwa, kafin a ankara wani ya kafa kwantena a kai.

Ga Iyaye Masu Shakka

Ba duka iyaye ne suka yarda da tafiyar ba. Wani dattijo da muke girmamawa ya tare mu bayan sallar Isha'i, ya ce, “Malam, yanzu wurin gumaka da kabarin wanda ba Musulmi ba za ku kai mana yara?” Muka ce, “Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, ba bauta za mu je yi ba, ba kuma neman tubarraki ba. Karatu za mu je, kuma abin da za su gani yana cikin jarrabawar da za su rubuta.” Bai gamsu ba, ya hana jikansa, mu kuma ba mu ja da shi ba, don hukuncin wannan na malaman addini ne, ba na malamin boko ba. Abin da kawai za mu shaida shi ne, ba wanda ya ce yaranmu su rusuna wa wani abu, kuma wanda ba ya son shiga hubbaren yana iya zama a inuwa, ba dole. Mutum-mutumin nan marar kai kuwa, ba mu san wa'azin da ya fi shi nuna cewa mulki na Allah ne ba.

Shawara Ga Mai Niyya

Wanda ke son kai iyalinsa, ga ɗan abin da muka koya. A tafi da katin ɗan ƙasa, yara kuma in da hali su sa rigar makaranta. A je da safe kafin rana ta take, ko da la'asar sakaliya don a ga wasan ruwa. Ranakun hutu irin su 6 ga Maris da 21 ga Satumba, ranar tunawa da haihuwar Nkrumah, akwai cunkoso sosai. A tambayi ma'aikata kafin a shiga da abinci ko a ɗauki hoto a cikin gidan tarihi. A nemi mai jagora, don gani ba tare da bayani ba rabin gani ne. A tsara lokaci yadda salla ba za ta kuɓuce ba. Mu a wani masallaci na Tudu muka yi Azahar a kan hanyar komawa. A riƙe hannun ƙananan yara wajen tsallaka babban titi da kuma kusa da tafkunan. Daga ƙarshe, kada a yar da ko ledar ruwa ɗaya. Ana yi mana kallon masu ƙazanta, to mu ƙaryata masu faɗa da aikinmu. Yaranmu sun tsince inda suka zauna tas kafin mu tashi.

Ranar Litinin muka sake ba su insha'in nan. Yarinyar mai layi biyu ta cika shafi uku, ta kuma manna rasit ɗin a ƙarshen takardar da ƙullun fulawa. Da muka ce ta ba mu don lissafin makaranta, sai ta ce kakarta ta ce a dawo mata da shi in an gama dubawa, za ta ajiye cikin adakarta, kuma ran Salla mai zuwa ita ma sai an kai ta ta ga wurin, tun da shekara 50 tana wucewa ta ƙofar filin ba ta taɓa leƙawa ba. Muka yi wa ofis kwafi, muka mayar mata da na ainihi.

Allah ya raya mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa mu ga ranar da ɗan Zango ba zai ƙara tambayar kuɗin wa zai biya ba. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.